Zoben da Ke Jiran Suna

Ruwan Valdivia ba ya gajiya.
Kwana tara ke nan yana dukan rufin ɗakin bincike,
ni kuwa ina gaban kwamfuta da shayin da ya huce,
ina laluben dangin abin da ban taɓa gani ba.

Baldomero Curiñanco ne ya kawo shi
bara, cikin kwalba mai lamba ɗari da sha bakwai.
Ya tura kwale-kwalensa cikin fadamar kogin Cruces,
ya kwaso kashin agwagwa mai baƙin wuya
daga kan ciyawar da ta kwana.
"Fresia, ga tsarabarki," in ji shi,
yana dariya, yana goge hannu a wando.

A ciki muka tsince shi.
Zobe ne na DNA, zare ɗaya tilo,
haruffa dubu biyu ba kaɗan.
Ko a cikin ƙwayoyin cuta shi ɗan auta ne.
Ba fuska, ba kuka, ba sawu a laka,
haruffa huɗu ne kawai ke ta sauya mazauni
har wutsiya ta zagayo ta kama kai.

Kwamiti ya ja layi tun kafin na zo aikin nan:
in kamanninku ta kai kashi tamanin cikin ɗari,
gidanku ɗaya, sunanku ɗaya.
In ta gaza, kai baƙo ne, a gina maka ɗaki.
Na jera shi kusa da na tattabara,
kusa da na alade, na jemage, na aku mai zubar gashi.
Mafi kusancinsu ya tsaya a saba'in da tara da ɗigo huɗu.

Daga kashin tsuntsu zuwa kashi cikin ɗari,
tazarar ke nan da aikina ya ci a shekara guda.

Saba'in da tara da ɗigo huɗu!
Da haruffa goma sha biyu sun karkata,
da ya shige inuwar wani, ba mai cigiyarsa.
Nakan tambayi kaina cikin dare,
shin layin nan a jikin halitta yake
ko a jikin mamu, masu tsoron tarin da ba shi da aljihu?

Akwai kuma abin da bishiyar zuri'a ba ta faɗa.
Agwagwar ce masaukinsa,
ko dodon-koɗin da ta haɗiye da safe?
Wanda aka gani a bakin ƙofa
ba lallai ne ɗan gida ba.
A gurbin mai masauki na rubuta: ba a tabbatar ba.

Suna biyu ake so, na dangi a gaba, nasa a baya.
Na farko an riga an yanka masa.
Na biyun ne ya hana ni barci,
don Baldomero bai ga ƙarshen hunturu ba.
Kwale-kwalensa na nan ɗaure, ruwa ya cika shi rabi.
Na so in liƙa sunansa a nan,
sai na tuna yadda ya tsani a kira shi a taro,
kuma wa zai so a riƙa tuna shi da cuta?

Sai na ɗauki sunan lungun da yake tsayawa ya ci burodi,
inda ciyawa ke kama masa sandar tuƙi.
Na lanƙwasa shi yadda ƙa'ida ta ce,
na aika wa kwamiti, su zauna, su jefa ƙuri'a.

Zoben bai san an aika ba.
Yana can cikin wani hanji yana kwafar kansa,
yana kuskure harafi ɗaya yau, ɗaya baɗi,
yana takawa a hankali zuwa layin
ko nesa da shi.

Na kashe fitila.
A firji, kwalba ta ɗari da sha takwas
tana jira da rubutun hannunsa.